Abin da Ya Riƙa Shanye Cajin Wayar Auta

A ofis ana ce mata Sakatariya, a gida kuwa Auta, ko da yake furfura ta fara leƙo mata ta gefen kunne. Kamfanin da take wa aiki fenti da tayil yake sayarwa, teburinta ne na farko in an shigo, kusa da na'urar kwafi. In ta ɗaga wayar ofis ta ce, "Barka da safiya, da wa nake magana?" ko wanda ya bugo da niyyar masifa sai ya sauke murya. Manaja kan nuna wa sababbin ma'aikata ita, ya ce su koyi magana a wurinta.

Da tafireta ta fara aiki. Kwamfuta ta zo, ta koya. Da aka fara ɗaukar 'yan jami'a masu saurin hannu, sai tsoro ya kama ta kada a ce zamani ya wuce ta. Shi ya sa duk manhajar da aka ce tana sauƙaƙa aiki sai ta saka a wayarta: mai tuna mata alƙawari, mai tsara ayyukan yini, mai ɗaukar hoton takarda. Wadda ta fi ji da ita kuwa ita ce mai naɗar muryar taro. Kowace safiya manaja kan tara su a tsaitsaye kafin a buɗe wa masu saye, manhajar ta naɗi abin da aka faɗa, ta aika da kanta zuwa wata ma'ajiya da kowane ma'aikaci ke iya buɗewa. Ita ta kawo wannan dabarar, ita ta bi su tebur-tebur tana nuna musu yadda za su saurara.

Gidanta ɗaki ne da falo, ita da mahaifiyarta. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, yayyenta kowa na fama da nasa iyalin, sai aka ga ai Auta ce ba ta da nauyin kowa. Tun da hawan jini ya shanye wa Mama ɓari guda, Auta ce wanka, ita ce magani, ita ce wankin zanin gado kafin ta fita. A ofis ba ta taɓa ɗaga wa kowa zancen ba.

Ana nan sai waya ta tsiro da wani hali. Wutar unguwarsu ba ta da tabbas, don haka a ofis take cika caji. Ta taho gida da shi fal, gari na wayewa ta tarar wayar ta mutu murus. Ƙararrawar tashi ba ta bugawa, sai ga mai koya wa mutane tsari tana shigowa taro a guje, mayafi a karkace. Ta rage hasken fuskar wayar. Ta sake caja. Ta goge hotunan da ba ta buƙata. Ta kai wa mai gyara ya sa sabon batir. Jiya i yau.

Wata safiya ta fito daga wanka ta ga wayar a cinyar Mama, tsohuwar tana dannawa da hannunta mai lafiya.

"Ashe ke ce!"

"Hoton jikokina nake son gani, Auta. Ta ƙi kawo haske."

"Ina za ta kawo haske kin kwana kina latsa ta? Aikina ne a cikin nan, Mama, ba abin wasa ba ne!"

Daga ranar ta riƙa ɗora wayar a saman kwabar ɗakin da suke kwana, inda hannun Mama ba zai kai ba. Caji bai fasa zurarewa ba. Maimakon ta wanke tsohuwar daga zargi, sai ta ce ai wani wuri ta taɓa ta lalata.

Akantar kamfanin mace ce sa'arta, tare suke cin abincin rana. Ran nan ta jira sai da kowa ya fita, ta tura ƙofa, ta jawo kujera.

"Ƙawata, yaushe rabonki da buɗe ma'ajiyar taro?"

"Me zan buɗe? Ni fa nake naɗa."

Akanta ta miƙo mata abin sawa a kunne. Da farko ƙarar cokali ta ji a kan faranti, da talabijin can nesa. Sai wata murya ta faso, mai kaushi, wadda ba ta gane ba nan take.

"Buɗe bakin mana! Ni kaɗai kika haifa ne? Kai! Kin sake jiƙa shimfiɗar? Wallahi na gaji. Na gaji da ke."

Sai wata 'yar siririyar murya ta biyo baya: "Yi haƙuri, Auta. Ban ji zuwansa ba."

Ta fizge abin daga kunnenta. Gumi ya keto mata duk da fanka na juyawa a kanta.

Akanta ta juyo mata da fuskar kwamfuta. Ƙarƙashin kowane taron safe akwai wani naɗin, dogo. Ashe ranar da ta sa wa manhajar lokacin farawa, dare ta zaɓa maimakon safiya. Da safe ita ke dannawa da hannu, ta ɗauka haka abin yake. Da dare kuwa manhajar ke kunna kanta, ta yi ta naɗa har batir ya ƙare, washegari da an jona caji a ofis ta aika wa kowa.

"Su wa suka ji?"

"Ni dai jiya na ci karo da shi. Sauran ban sani ba."

Sai abubuwa suka riƙa dawo mata. Direban kamfani da ya tare ta a bakin ƙofa ya ce, "Allah ya ba Mama lafiya," ta amsa ba ta tsaya tunanin inda ya ji ba. Manaja da ya ce in tana da uzuri a gida ta riƙa tashi da wuri, yana magana yana kallon takardun gabansa. Ta goge naɗin ɗaya bayan ɗaya. Wayar ofis ta yi ƙara, ta kai hannu, muryar ta ƙi fita. Akanta ce ta amsa.

Da ta koma gida ta tarar da Mama a kujerar bakin taga. Ta ajiye jaka ta durƙusa a gabanta.

"Mama, ba ke ba ce. Wayar nan ni na yi kuskure a cikinta."

Ta yi mata bayani daki-daki, ba ta rage komai ba. Tsohuwar ta motsa bakinta da ya karkace.

"To mutanen naku... sun ji zancen shimfiɗar?"

Auta ta gyaɗa kai. Mama ta ja ɗankwalinta ta rufe fuska. Duk yinin Auta kunyar kanta take ji, ko sau ɗaya ba ta tuna cewa asirin tsohuwar ma ta tona ba.

Can daga ƙarƙashin ɗankwalin Mama ta ce, "Ki ce musu ba kullum ba ne."

Auta ba ta tambaye ta wanne take nufi ba, shimfiɗar ko faɗan. Ta kifa kai a gwiwar uwarta ta yi kuka mai isarta.

A makon ta kira babbar yayarsu, ta faɗi maganar da ta daɗe tana haɗiyewa, cewa ita kaɗai ba za ta iya ba. An ɗan yi cacar baki, an yi su "ai da kin faɗa", amma yanzu Yaya kan zo ƙarshen mako ta kwana, Auta ta samu barci. Manhajar kuwa ta cire ta, caji ya koma kwana lafiya.

Tana nan a teburin farko. Ba wanda ya taɓa yi mata zancen, ko da wasa. In direba ya gaishe ta takan amsa idonta a kan kwamfuta. Har yau ba ta san su wa suka saurara ba, kuma ba ta da ƙarfin halin tambaya.