Na Fassara Wa Turawa Gaisuwar Ƙawata, Aka Raba Ta Da Ɗakinta

A lokacin da wannan abu ya faru ina 'yar shekara ashirin, ina aji biyu a wata jami'a a nan Landan, kuma a ganina babu wanda duniya ta matsa wa kamar ni. A Kano aka haife ni, ina da shekara goma sha biyu Abbanmu ya samu aikin asibiti ya kwaso mu zuwa unguwar Abbey Wood. Mu bakwai ne a flat, wato sashen gida, mai ɗaki uku, ni da ƙannena mata biyu a ɗaki ɗaya, ina yi musu faɗa da Hausa suna mayar mini da Turanci. Kullum sai na yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa kafin in isa aji, ranar Asabar kuma ina tsaye a wani shagon kayan abinci a Old Kent Road ina auna wa mutane garin rogo da busasshen kifi. Ba yunwa muke ji ba, ba kuma tsirara muke yawo ba, amma Allah Ya yi ni da idon leƙen kwanon wani. Na rubuto muku ne, Edita, don shekara huɗu ke nan abin yana cina, ban taɓa ba kowa labarinsa gaba ɗaya ba.

A ajinmu akwai wata yarinya Bahaushiya, mu biyu ne kaɗai masu jin Hausa a sashen. Na gane ta ne ranar da ta yi tuntuɓe a matakala na ji ta ce wayyo Allah, na juyo muka kalli juna muka fashe da dariya. Shiru-shiru ce, ga karatu kamar me. Na saka ta a guruf ɗinmu na waya na 'yan matan Hausawa, na kuma kai ta gidanmu, Ummata kuwa tun ganin farko ta kamu da sonta. Har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ta, tana gama cin abinci ta miƙe ta wanke kwanukan da ni na saba tsallakewa. Duk zuwan da ta yi Umma takan tambaye ta ya su Ummanta, ita kuma ta ce suna Zariya lafiya lau, suna gaishe mu. Haka take rubutawa a guruf idan an yi Sallah ko an yi wa wata haihuwa, wai Ummanta tana taya murna, tana sa albarka.

Jami'armu tana da wani ofishi da ke kula da ɗalibai iri uku: waɗanda suka tashi a hannun council, wato ƙaramar hukumar da ke riƙon yaran da ba su da mai kula da su, da waɗanda suka rabu da iyayensu babu magana babu taimako, da tsofaffin sojojin da suka ajiye kaki suka dawo karatu. Ban san ƙawata tana cikinsu ba sai ranar da na raka ta ɗakinta. Ɗaki ne nata ita kaɗai a gidan kwanan ɗalibai, da banɗakinta a ciki, daga gadonta zuwa aji bai fi minti biyar da ƙafa ba. Ko an yi dogon hutu, lokacin da ake sa kowa ya kwashe kayansa, ita ba a taɓa ta. Ga sabuwar kwamfuta da suka ba ta. Ga wata Baturiya a ofishin da takan kira ta duk wata don kawai ta ji ko tana lafiya, har katin murnar zagayowar haihuwa na gani a kan teburinta. Sukan kuma haɗu su sha shayi da sauran irinsu, har da wani tsohon soja mai sanƙo da ke zama a bayan ajinmu. Na tambaye ta ta yaya ta samu shiga wannan tsari, ta yi murmushi ta ce labarin da tsawo, ta tambaye ni ko zan ci taliya. Na dawo gida ranar na tarar ƙanwata ta zubar da lemo a kan takarduna, na zauna bakin gado ina tuna ɗakin nan nata.

Ba zan ɓoye muku ba, baƙin ciki nake yi da ita, baƙin ciki na gaske. Idan na fito da sanyin safiya ina rawar ɗari a tasha, ita nake tunawa tana juyi a cikin bargo. Idan ta fi ni maki sai in ce ai dole, mai ɗaki ita kaɗai ba ƙanne a kanta. Na fara gaya wa kaina cewa wayo kawai ta yi wa Turawa, ta cike fom ta ce ba ta da kowa alhali uwarta tana Zariya tana aiko mana da gaisuwa. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wani aikin koyon sana'a na dogon hutu da muka nema tare. Ni aka ce in sake gwadawa baɗi, ita kuma ofishin nan ya taya ta gyara takardu, ya koya mata yadda ake amsa tambayoyi, ta samu. Da labari ya iso gida Umma ta rangaɗa guɗa kamar ita ta haife ta, ta juyo ta ce mini in riƙa koyi da 'yar mutane, in rage baki in ƙara karatu. Na yi dariyar yaƙe na ce to.

Washegari na zauna a laburare na bi guruf ɗinmu tun daga farko, na ɗauki hoton duk inda ta ambaci Ummanta. Na haɗa da wani saƙon murya da ta turo mini bayan Sallah, inda take cewa ta daɗe tana waya da Ummanta, har ta sa mini albarka saboda riƙon da nake yi mata. Na rubuta su duka, na fassara su da Turanci kalma bayan kalma, na buɗe sabon adireshin imel marar suna na tura wa ofishin. A nan ne babban zaluncina yake. Ni Bahaushiya ce, na san ko gawa ce kwance a gida, aka ce wa mutum ya gida, lafiya lau zai fara cewa. Na san sau nawa na ce wa ƙawayen Umma tana gaishe su alhali ba ta ma san na fita ba. Amma na san Bature bai san wannan ba. Shi a wurinsa idan ka ce mahaifiyarka tana gaisuwa, to ka yi magana da ita ke nan, kuma na miƙa musu gaisuwar tamu a matsayin shaida ina sane da yadda za su karanta ta.

Ba a yi mako biyu ba suka kira ta. Ba su ci mutuncinta ba, sun dai ce ƙa'ida ce idan irin wannan ƙorafi ya zo sai an sake dubawa. Sai ta kawo sabuwar wasiƙa daga wani wanda ya san halin da take ciki, kafin nan kuma sun cire sunanta daga jerin masu zama a ɗakuna lokacin hutu. Malamar tsohuwar makarantarta da ta rubuta mata wasiƙar farko ta bar aiki ta bar garin, ga shi muna tsakiyar jarrabawa. Kafin a gano inda malamar take, zango ya ƙare, ranar kwashe kaya ta zo. Wata Lahadi da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofarmu, na buɗe na gan ta tsaye da akwati biyu da jakar goyo. Ta gaishe ni kamar kullum, ta ce an samu 'yar matsala da ɗakinta, ko Umma za ta bari ta kwana biyu. Umma ko tambaya ba ta yi ba, ta sa aka shimfiɗa mata katifa a ɗakinmu, tsakanin gadona da na ƙannena.

A rana ta uku, bayan la'asar, muna kicin Umma tana tuƙa tuwo ni ina yanka alayyahu, sai Umma ta ce wa ƙawata ta ba ta lambar mahaifiyarta, ta kira ta shaida mata 'yarta tana hannunta don kada hankalinta ya tashi. Umma ta waiwayo tana jiran lambar. Sai ƙawata ta fara magana kanta a sunkuye. Ta ce tana da shekara tara goggonta ta ɗauko ta daga Zariya zuwa ƙasar nan da alkawarin karatu, ta mayar da ita mai wanke-wanke da rainon 'ya'ya, ga duka ba dalili. Tana da goma sha shida wata malama ta ga shatar bulala a hannunta ta kai maganar gaba, council ta ɗauke ta daga gidan ta ajiye ta a masaukin matasa. Da labari ya isa gida, dangi suka ce ta tona asirinsu a gaban Turawa, ta jefa goggonta cikin masifa. Mahaifiyarta ta kira ta sau ɗaya ta ce kada ta sake kiranta uwa, tun daga ranar ba ta ƙara jin muryarta ba. Duk Sallah ita takan kira mahaifiyar, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Umma ta tambaye ta, to gaisuwar da take kawo mana fa? Ta ce to me za ta ce idan an tambaye ta a cikin mutane, ta ce uwarta ta sallama ta? Ta ce kuma gaskiya tana jin daɗin faɗa, don a ɗan lokacin nan takan ji ita ma kamar kowa. Umma ta saki muciya ta rungume ta tana cewa 'yata, 'yata, su biyun suna kuka. Ni kuwa ina tsaye da wuƙa a hannu, na kasa ko ɗaga ido.

Mako biyar ta yi a gidanmu, daga nan take tafiya wurin aikin da na yi mata baƙin cikinsa, ta dawo ta taya Umma girki. Ko sau ɗaya ba ta canza mini fuska ba, har man shafawata take nema ta ce na gode. Da aka samo malamar ta rubuto wasiƙa, ofishin ya ba ta haƙuri, suka ba ta wani ɗakin a wani gini daban, don nata na da an riga an sa wani. Ranar da za ta koma ni na ja mata akwati ɗaya zuwa tasha. Muna jiran jirgi na ji ba zan iya ba, na ce mata ni ce na tura takardar. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ai ta sani tun ranar da suka karanta mata fassarar a ofis, don saƙon muryar nan ba ta tura wa kowa ba sai ni. Na tambaye ta, to da ta sani me ya kawo ta gidanmu? Ta ce ranar da ta fito da kayanta ta zauna a kan akwati a bakin titi, ta bi lambobin wayarta ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ba ta ga wata ƙofa da za ta iya ƙwanƙwasawa ba sai tamu. Ta ce ta yafe mini, abu ɗaya kawai take roƙo, kada in gaya wa Umma, don ba ta son ta zama sanadin ɓacin rai tsakanin wata uwa da 'yarta kuma. Jirgi ya zo ta shiga, ni na tsaya a wurin har wani ma'aikacin tasha ya tambaye ni ko lafiya.

Abin da na koya shi ne, hassada ba ta hana mutum sanin gaskiya, sa shi take yi ya kau da kai daga gare ta. Na ga alamu da yawa, na ga ba ta taɓa zuwa gida hutu ba, ban taɓa jin wayarta ta yi ƙara daga Najeriya ba, amma ɗakin nan ya rufe mini ido. 'Yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muke zaune a ƙasar nan, idan kuka ga jami'a ta ware wani tana yi masa abin da ba ta yi muku ba, kada ku yi saurin cewa gata ne. Sau da yawa abin da iyayenku suke yi muku kullum ba ku ko lura ba, shi ake ƙoƙarin ɗan rage masa rashinsa. Kada kuma ku ɗauki rufin asirin ɗan'uwanku, wanda kuka san yadda muke yinsa, ku kai wa wanda bai san shi ba don a hukunta shi. Ƙawata ta gama karatu da sakamako mai kyau, na gan ta daga nesa ranar yaye mu, Baturiyar ofishin ce take ɗaukar ta hoto. Ba ta sake taka gidanmu ba. Har yau duk Sallah Umma takan zuba abinci a kula ta ce in kira 'yarta ta zo ta ci, ta tambaye ni me muka yi mata ta guje mu, ni kuma in ce aiki ne ya yi mata yawa.