Humrata da Garin Tutiya

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a malaminmu ya ba mu aiki iri ɗaya, ni da 'yar kawuna ta Gwallaga. Kowace za ta sarrafa sinadarin tutiya, ta dafa shi a murhu har ya zama gari mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa, ta shafa a ɗan gilashi, ta haɗa masa waya. Idan gas ɗin girki ya taɓa garin, wutar da ke ratsa shi sai ta canza, allurar mita ta motsa. Malam ya ce wadda nata ya fi jin gas ita zai riƙe ta yi digiri na biyu a wajensa. Gurbin ɗaya ne.

Allurarta tsalle take yi. Tawa kuwa ɗan motsi kawai, kamar tsohuwa tana gyara zama. Ni fa na koya wa yarinyar nan lissafi tun muna sakandare! Kullum keke ɗaya muke shiga, ta sauka a Gwallaga, ni in wuce Ƙofar Wambai ina cin raina. Hassada nake mata, ba wani suna da zan ba abin.

Wata rana Malam ya faɗa mana cewa garin ba shi da zaɓi, turare ma yana motsa shi. Sai na ji sanyi a zuciyata. Kowa ya san gidan kawu, ba a fita sai an turara mayafi. Na same shi a ofis.

"Malam, a duba nata da kyau. Ina jin turaren wutarta allurar take ji."

Ya ɗan dube ni, sannan ya ce, "To. Gobe ku duka biyu ku zo ba ƙamshi."

Washegari muka zo da kayan da aka wanke da sabulu zalla. Ta buɗe gas, allurarta ta yi sama kamar kullum. Na buɗe nawa. Shiru. Na ƙara buɗewa, na sunkuya a kai yadda na saba, ko gezau.

Malam ya tambaye ni me nake shafawa sauran ranaku.

"Humra ce kawai, Malam, a wuyan hannu."

Ya sa na ɗauko kwalbar daga jaka. Ina cire murfin, allurata ta gyara zama. Wata huɗu ina cika littafi da lambobi, ashe humrata nake aunawa.

Ita aka riƙe. Ban taɓa sanin ko ta ji abin da na kai wa Malam ba. A keke ranar ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ki zo mu sake dafa naki tare, ina jin zafin murhun ne bai kai ba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.