Kirsimetin da Muka Tarar Inna Ba Ta Gani

Mun tashi da asuba daga Kano, ana gobe Kirsimeti, ni da ƙanwata da mijinta a motarsa. But ɗin motar ya cika da shinkafa da jarkar mai da bokitin cincin ɗin da na kwana biyu ina soyawa. Shekara biyu rabona da ƙauyenmu na wajen Farin Dutse, a ƙasar Gwaram, inda Innarmu ke zaune ita kaɗai tun rasuwar Baba. Bara ɗinkin mutane ya riƙe ni a shago, sai na yi aike. Bana na ce ko masu kaya za su cinye ni ɗanya sai na je.

A gadar Wudil muka tarar da cunkoso. Wata tirela ce ta mutu a tsakiyar hanya, direbanta na gefe yana kurɓar shayi kamar a zauren gidansu. Sai da muka yi kusan awa. A Kwanar Huguma muka sayi rake da gyaɗa, na kuma taya zakara. Mai kajin ya dubi lambar motarmu, ya sa wa zakaran kuɗin ɗan akuya. Mijin ƙanwata ya tambaye shi ko zakaran ya yi digiri ne, muka bar masa abinsa.

Da hantsi duwatsun Birnin Kudu suka bayyana. Muka biya gidan Yaya, babban wanmu, wanda ke aiki a garin. Matarsa ta kawo mana waina da miyar taushe, irin wadda ke sa mutum ya manta yana kan hanya. Na tambayi Yaya lafiyar Inna, ya ce tana nan ƙalau, sai tsufa, ya juya zancen kan tsadar man fetur. Ya ce za su biyo mu da safe.

Hanyar Gwaram kuwa, wani wurin sumul, wani wurin ramin da zai haɗiye taya. An gama girbi, amalanke na ta wuce mu da damman dawa, mata na sussuka a bakin gari. Da azahar muka isa.

Inna na tsaye a ƙofar gida. Ta rungume ƙanwata tana kiranta da sunana, muka yi dariya, ita ma ta yi. Na lura tana dafa bango idan za ta shiga ɗaki, na ɗauka gwiwa ce. Na ga tabon ƙuna a bayan hannunta, ta ce ai mai girki ba ta rasa irinsa. Da safe za mu coci ta ce in riƙe mata hannu, na riƙe ina jin daɗi, wai ni ana ji da ni.

Bayan sujada muka sauke shinkafa da miya, na ɗauki kwanon gidan Malam mai Islamiyya, maƙwabtanmu na katanga ɗaya. Tun muna yara haka ake yi, su aiko mana na Sallah, mu kai musu na Kirsimeti. Hajiya matarsa ta karɓa, ta yi mini barka da shekara, sannan ta ce, “To Alhamdu lillahi, wannan karon dai kun zo tafiya da ita aikin idon ko?”

Na ce wane aiki? Ta dube ni, sannan ta zaunar da ni. Ashe tun farkon damina yanar ido ta kama Inna, sai haske da inuwa take gani. Ƙunar hannun nan tukunyar koko ce ta laluba. Tun ranar Hajiya ta hana ta hura wuta, ita ke aiko mata abinci safe da yamma. Yaya ya kai ta asibiti a Birnin Kudu sau ɗaya, likita ya ce abin mai gyaruwa ne, aka ba su rana, aka ce a zo da mai jinya. Ranar ta wuce, ba wanda ya zo ɗaukarta.

Ban san yadda na tsallaka gida ba. Na tarar sun baje a tabarma, Yaya na yagar cinyar kaza yana ba mijin ƙanwata labarin siyasa. Na tsaya a kansa na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce tsakaninsa da uwarsa bai kai tafiyar awa biyu ba, amma maƙwabta ke ciyar da ita. Na ce jiya ya dubi idona ya ce min ƙalau take, da wainarsa a bakina. Matarsa ta sa baki, na ce ta bari, maganar 'yan ɗaki ɗaya ce.

Ya ajiye naman ya ce, “Sau uku na kira ki da damina. Kika ce kina kan keken ɗinki, za ki kira. Kin kira?”

Ban kira ba. Amma wannan bai kashe min wutar ba, ƙara ta ya yi. Na ce maganar makantar uwa ba ta wuce kira uku, da ƙafa ake zuwa a faɗa. Ƙanwata na kuka, tana cewa ita ba wanda ya gaya mata komai. Na ce ita ma yaushe ta tambaya?

Sai Inna ta buga sandar muciya a ƙasa. “Ku daina maganata kamar ba na wurin. Ido ne ya tafi, kunne na nan. Ni na hana shi faɗa, don ban so in ji kuna tura wa juna ni kamar kayan wanki. Ga shi kuwa na ji.”

Ba wanda ya ƙara cin komai. Shinkafar ta huce a faranti.

Kwana biyu bayan nan muka juyo, Inna a gidan gaba. Ta ƙi shiga mota sai da ta danƙa wa Hajiya akuyoyinta da makullin rumbu. Na durƙusa zan yi godiya, Hajiya ta ɗaga ni ta ce maƙwabci ba ya karɓar godiya, in dai je in yi abin da ya kamata. A Birnin Kudu Yaya, wanda ya riga mu komawa, ya miƙo takardun asibitin ta taga, na karɓa muka wuce.

Mun shigo Kano da la'asar. Tafiyar nan ta koya min cewa zuwa da kai ya fi aike, kuma “ƙalau” ɗin waya ba shaida ba ce. Har yau raina a ɓace yake da Yaya, da ƙanwata, fiye da su kuma da kaina. An ba Inna sabuwar ranar aikin idon a wata mai kamawa. Na riga na gaya wa masu kaya cewa satin nan shagona a rufe yake, wanda ya matsu ya nemi wata telar.