Ranar da Kawo-Kati Bai Nemi Kati Ba

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ruwan safe daga Turku zuwa Stockholm da niyyar sayen kwalbar barasa ya san Ossi Rantakari. Ko bai san sunan ba ya san fuskar, fuskar nan da ko ranar aurensa da wuya in ta yi murmushi. Shekara talatin da ɗaya yana aiki a kantin jirgi, a teburin biya na uku. Ma'aikata Kawo-Kati suke ce masa, shi kuwa har daɗin sunan yake ji.

Dokar kamfanin ba ta da kwana-kwana. Mai shekara sha takwas ya sayi giya mara ƙarfi, barasa mai ƙarfi kuwa sai wanda ya cika ashirin. Duk wanda fuskarsa ba ta kai ta ɗan talatin ba, a nemi katin shaidarsa. Ma'aikacin da ya sayar wa wanda bai kai ba, ya tattara nasa ya nasa ya sauka a tasha ta gaba. Sauran masu tebur sukan kau da kai in layi ya yi tsawo. Ossi? Ina! Da ya ƙyalla ido ya ga ranar haihuwa, kafin ka ƙifta ya gaya maka shekarunka har da watanni. Ya taɓa ƙwace kwalba daga hannun wata amarya don saura kwana biyu ta cika ashirin, tana hawaye angonta na roƙo.

"Jibi ma muna nan," ya ce musu. "Na gaba!"

Ya taɓa kai ƙarar abokin aikinsa na shekara goma, mutum mai 'ya'ya uku, aka sallame shi. Ranar kuwa Ossi ya ci miyar wakensa ta rana har da ƙari. In an yi masa magana sai ya ce shi bai kori kowa ba, doka ce ta kore shi. Mugun hali ne tsagwaronsa, ya dai samu doka ya fake a bayanta.

Kwana goma a ruwa, kwana goma a gida, haka rayuwarsa take. To amma kwana goman gidan ma rabinsu barci, rabinsu ƙorafin cewa gidan ya yi hayaniya. Matarsa Marjut ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare. 'Yarsu Vilja tana aji ɗaya ta ɗauke ta suka koma Tampere, can ta auri wani direban bas. Ossi yakan aika wa yarinyar cakulan daga kanti, irin wanda aka rage wa farashi don ya kusa lalacewa. Yakan buga waya lokacin Kirsimeti. Hirar tana ta gajarta, daga minti goma zuwa uku, daga uku zuwa "lafiya lau, sai an jima." Shekara huɗu ke nan rabon da ta ɗaga wayarsa.

Abin ya ci shi, wannan kam babu ƙarya. Ba wani babban abu yake nema a duniya ba illa Vilja ta zauna a gabansa su ci abinci tare, ta buɗe baki ta ce masa Baba. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma Tuulikki ta tebur na biyu ta sani, don ta sha ganinsa yana bin 'yan mata masu jan gashi irin na Vilja da kallo har su ɓace.

"Ka hau jirgin ƙasa ka je mana, tsohon banza," takan ce masa. "Tampere ba bayan duniya ba ce."

"Ita ta san inda nake."

"Sannu, sarkin girman kai. Ka yi ta zama, tebur zai yi maka takaba."

Wata Alhamis a watan Yuli, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, kanti ya cika maƙil da masu hutu. Ossi na ta miƙa hannu ba tare da ya ɗaga kai ba, kawo kati, kawo kati. Sai aka ajiye masa kwalbar barasa mai ƙarfi guda ɗaya. Ya ɗago don ya auna fuskar.

Vilja ce. Ta yi tsawo, ta rage gashin, amma haɓar nan tasa ce sak.

"Sannu, Ossi," ta ce.

Ossi, ba Baba ba. Ya ji sunan har cikin ƙirjinsa, amma farin ciki ya fi ƙarfin zafin. Hannunsa ya riga ya fita, tafin a buɗe, bakin ya riga ya ɗauko "kawo". Sai kunya ta kama shi. Haba, 'yar cikinsa, bayan shekara huɗu, kalmar farko da zai tare ta da ita ke nan? Ya janye hannun. Ai shi ba ya bukatar kati a kan wannan. Shekarar da aka kawo sabon jirgin nan aka haife ta, ya tuna sarai, jirgin kuwa a bazarar nan aka yanka masa kek na cika shekara ashirin. Ya lissafa, ya gamsu.

"Kin girma," ya ce. "Har kin kai sayen wannan. To, to. Ƙarfe ɗaya nake tashi cin abinci. Yau akwai miyar wake da fanke, kina so kina yarinya. Za ki jira ni?"

Ya wuce da kwalbar, na'ura ta yi ƙara. Har ya naɗe mata ita a takarda, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

Vilja ba ta ɗauka ba. Ta tsaya tana kallonsa, fuskarta ta yi fari fat.

"Ka sayar min?"

"Ai kin cika."

Wani mutum mai jaka a kafaɗa, wanda tun ɗazu yake jujjuya kwalaben turare, ya matso ya nuna takarda. Sundqvist sunansa, mai binciken kamfani. Aikinsa ya ɗauki matasan da ba su kai ba, ya turo su teburin biya a ga wa zai sayar. Ossi ya san tsarin kamar yunwar cikinsa, shi ma yana cikin waɗanda suka yi ta matsa wa kamfani a kawo shi.

"Rantakari, rufe teburin," in ji Sundqvist. "Shekarunta sha takwas. Ba ka nemi kati ba."

Wani saurayi da Ossi ya kora ɗazu ya kwashe da dariya daga can baya. "Kawo kati, tsoho! Kawo naka mu gani!"

Tuulikki ta yi tsalle ta ce, "Kai malam, 'yarsa ce fa! 'Yar cikinsa!"

"To ai shi ya fi muni," Sundqvist ya ce, yana rubutu.

A ofis ba a ɗau minti goma ba. Ossi ya buɗe baki zai kawo shekarunsa talatin da ɗaya, shugabar kanti ta ce masa ba ita ta kore shi ba, doka ce. Aka karɓi makullinsa da rigar aiki. Tasha ta gaba Mariehamn ce, inda jirgin ke haɗuwa da ɗan'uwansa mai komawa Turku da misalin ƙarfe biyu. Can zai sauka ya bi wancan, kamar kowane fasinja.

A bakin ƙofar sauka ya same ta, cikin cunkoson masu jan akwatunan giya. Aikin bai ma zo masa a rai ba, ita kaɗai yake gani.

"Tarko kika kafa min, Vilja?"

"Tarko?" Ta yi wata dariya mara daɗi. "Aikin hutu na samu, aka turo ni jirginka. Aka ce in zaɓi tebur ɗaya cikin huɗu. Na zaɓi naka don kada in jawo wa kowa kora. Na ce wannan kam ko duniya za ta tashi ba zai sayar min ba, ya san shekaruna. Har na shirya in ka ƙi, in yi dariya in jira ka mu ci abincin."

"Amma ai shekarar da aka kawo jirgin nan..."

"Jirgin ne ya cika ashirin. Shekarar da aka kawo shi aure kuka yi, ni sai ta gaba na zo. Ka san ranar haihuwar jirgi, Ossi."

"To wace rana ce taki? Gaya min, wallahi ba zan ƙara mantawa ba."

Ta buɗe jaka ta zaro katin, ta miƙa masa da yatsu biyu, yadda ake miƙa wa baƙo a bayan tebur. Ya karɓa. Sha huɗu ga Nuwamba, shi da ya ɗauka a bazara ne. Daga nan idonsa ya hau layin sama. Vilja Salokangas. Sunan direban bas.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na cika sha takwas. Baba ne ya cike min takardun. Bai tambaye ni kwanan wata ba."

Aka buɗe ƙofa, mutane suka fara turereniya. Ta zare katin daga hannunsa ta mayar jaka.

"Awa biyar ce zuwa Turku," ta ce. "In mun shiga wancan jirgin, don Allah ka nemi wani benen ka zauna."