Minti Talatin da Verner Bai Taɓa Yi Ba

A garinmu, can arewacin yankin Jylland, Ejvind Lunde ya shekara talatin da huɗu yana koyar da ilimin halittu a makarantar yara. Dogon mutum ne mai sanyin murya, kullum a kan baƙin kekensa, ba ya shiga sabgar kowa. Kowa ya san ya fara karatun likita a Kopenhagen, babban birnin ƙasarmu, ya bari bayan shekara uku, kuma kowa da nasa dalilin. Wasu su ce jarrabawa ta kada shi, wasu su ce mace ce. Duk shaci-faɗi ne. Gaskiyar maganar sai da ya tsufa ya furta ta, ga ƙanwarsa kaɗai, ita kuwa Allah bai yi ta da riƙon magana ba.

Ɗan mai gidan burodi ne, kuma tun yana ƙarami kansa ke ja. Da ya sami shiga jami'a sai abin ya ɗan hau masa kai, kamar yadda yake hawa kan kowane ɗan talaka da ya fara riƙe manyan littattafai. In ya zo hutu ba a cin abinci cikin kwanciyar hankali.

"Baba, kana tsammani hanci ne ke jawo iska?" in ji shi wata rana, ana tsakiyar cin dankali da kifi. "Ina! Huhu ma ba ya iya komai don kansa. Akwai wani tantani mai tsoka da ya raba ƙirji da ciki. In ya tsuke sai ya sauka ƙasa, tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari su ɗaga ƙirji, wuri ya buɗe, iska ta afka ciki. In sun saki sai ta fito. Ɗora hannunka a ciki ka ji, yana tasowa."

Uban ya ɗora hannu a tumbinsa, ya ɗan saurara, ya ce, "To, madalla. Shekara hamsin da biyar ina wannan aiki ban sani ba, kuma ko sau ɗaya ban yi kuskure ba. Miƙo gishiri, likita."

Ejvind yana shekara ta uku a jami'a, a ƙarshen 1952, shan-inna ta auka wa Kopenhagen. Ba ƙafa kaɗai take kamawa ba. Wasu tsokokin numfashinsu take kashewa, huhu lafiya lau amma babu mai buɗa shi. Injin da ke taimakon irin waɗannan bai taka kara ya karya ba, don haka likitoci suka koma huda maƙogwaro su sa bututu, a haɗa da jakar roba, a zaunar da mutum yana matsa ta da hannu. Matsa, saki, matsa, saki, awa shida, sannan wani ya karɓa. Ɗalibai aka kwaso don wannan aiki, ɗaruruwa, Ejvind yana cikinsu.

Gadon da aka ba shi na wani ɗan dako ne daga tashar jiragen ruwa, Verner Skou, ƙato mai shekara talatin da shida. Mutumin da ke saɓa buhu biyu a kafaɗa, ga shi iskar da za ta kashe kyandir ta gagare shi. Bututun ya hana murya fita, sai dai ya motsa leɓe a karanta, in kuma yana son a dube shi ya ƙyasta harshe. Cikin mako guda Ejvind ya ƙware da karanta bakinsa, abin da ya fi karantawa kuwa tsiya ce.

"Kai ɗan boko, matsa mana! Ƙullun ubanka kake kwaɓawa?"

"Haka littafi ya ce, Malam Skou."

"To littafin ya zo ya kwanta a nan ya ji."

Suka shaƙu ƙwarai. Ran Lahadi matar Verner, Dagny, takan zo. Ba a barin kowa ya shiga ɗakin, sai dai ta tsaya a baranda bayan gilashi, da 'yar jakarta a hannu, tana yi masa murmushi har minti ashirin ɗinta su cika. Ejvind yakan juya kan Verner wajen gilashin da hannu ɗaya, ɗayan yana kan jaka.

Bayan wata biyu babban likitan ɗakin, Likita Brodersen, ya ce lokaci ya yi da za a fara tada tsokokin Verner. Tsokar da ba ta aiki lalacewa take yi, ko da cutar ta bar mata sauran rai. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Kowace safiya ɗalibin da ke kan gado zai daina matsawa, ya bar hannunsa kawai a kan jakar don ya ji ko tana motsi da numfashin mara lafiya, ya duba agogo, ya rubuta iya mintin da aka yi a takardar da ke rataye a gindin gado. Aikin safe kuwa na Ejvind ne.

Ran farko ya saki. Daƙiƙa ashirin, talatin. Jijiyoyin wuyan Verner suka miƙe, kafaɗunsa suna ƙoƙarin ɗagawa, gumi ya karyo masa. Ya kafe Ejvind da ido, ya ƙyasta harshe, leɓensa suka ce, "Don Allah."

Wallahi ba mugunta ba ce. Ejvind bai taɓa ganin tsoro irin wannan a idon babban mutum ba, kuma maganin tsoron yana ƙarƙashin tafinsa. Yatsunsa suka ɗan lotsa jakar, kaɗan, yadda ko ma'aikaciyar jinya da ke wucewa ba za ta lura ba. Ƙirjin Verner ya tashi. Idonsa ya kwanta. Da minti biyu suka cika Ejvind ya ɗauki fensir, ya tsaya. In ya rubuta daƙiƙa talatin, ai sai a tambaye shi me ya sa ya katse gwajin. Ya rubuta minti biyu, ya ce a ransa gobe za a yi na gaskiya.

Goben nan ba ta zo ba. Kullum Verner ya roƙa, kullum yatsu su lotsa. Ita kuwa takarda ba ta tsayawa wuri ɗaya, don Likita Brodersen yakan duba ya ce a ƙara. Biyu ta zama biyar, biyar ta zama goma. Shi Verner, da yake taimakon a hankali ake yi, sai ya fara yarda cewa rabin aikin nasa ne. "Ka ga ƙarfin ɗan dako?" in ji leɓensa. Ejvind ya yi dariyar yaƙe. Shi da ya haddace sunan kowace tsoka, ya fi kowa sanin abin da yake yi. Kullum yana kallon cikin Verner yana lotsawa ciki lokacin jan iska maimakon ya taso, alamar tantanin nan bai farka ba. Sai ya ja bargo ya rufe cikin.

Mako biyar aka yi haka, takarda ta kai minti talatin.

Wata Asabar Likita Brodersen ya tsaya a gindin gadon, ya ce, "Kai, wannan abin farin ciki ne. Gobe za mu cire jakar gaba ɗaya na rabin awa. A gaya wa matarsa ta zo da wuri, ta gani da idonta. Ta sha wahala, ita ma ta ga abin daɗi. Aikinka ya yi kyau, Malam Lunde."

Nan ne wurin magana. Bakin Ejvind ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Na gode, ranka ya daɗe."

Ran Lahadi Dagny ta zo da kwat ɗinta ta zuwa coci da sabuwar hula. Likita ya zare jakar daga bututun da hannunsa, ya miƙa wa Ejvind ya riƙe. Minti ɗaya bai cika ba wuyan Verner ya ɗaure, hancinsa yana buɗewa, cikinsa yana lotsawa a fili, don likita ya yaye bargon. Ya ƙyasta harshe, ya ƙyasta, yana neman Ejvind da ido. Leɓensa suka fara yin shuɗi, idonsa ya juye. Bayan gilashi Dagny tana dukan gilashin da tafin hannu. Likita ya fizge jakar, ya haɗa, ya matsa da kansa har jini ya dawo fuskar Verner. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja labule.

Likita Brodersen ya dubi cikin Verner, ya dubi takarda, sannan ya dubi Ejvind.

"Jiya minti talatin?"

"Hannuna yana kan jaka, ranka ya daɗe."

"Na san yana kan jaka. Me yake yi a kan jakar?"

Ejvind ya faɗa, duka, kansa a ƙasa. Ya so a ce likitan ya zage shi, ko ya kore shi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Ba ni da hannun da zan yar, ko irin naka. Mako biyar ka cinye masa. Ko da sun yi amfani ko ba su yi ba, yanzu ba mai sani. Gobe za a koma daƙiƙa talatin, kuma ka zauna a kan hannuwanka. Karɓi."

Ejvind ya karɓi jakar ya ci gaba da matsawa. Awa huɗu suka rage masa a ranar, Verner bai motsa leɓe ko sau ɗaya ba.

Da ya tashi aiki ya tarar da Dagny a bakin ƙofar asibiti, tana tsaye cikin sanyi tun ɗazu. Ba wanda ya gaya mata komai, an dai ce mata jikin ya ɗan koma baya.

"Likita," ta ce, don haka take kiransa duk da ya sha gaya mata shi ɗalibi ne. "Ka gaya mini tsakani da Allah. Jiya ya yi rabin awa, shekaranjiya ya yi. Yau da na zo ya kasa. Ganina ne ya rikita shi, ko? Tun muna saurayi da budurwa haka yake, in ina kallo ko ƙusa ba ya iya bugawa daidai. Ni na jawo masa."

Kalma nawa ce? "Ba ke ba ce, ni ne." Yaro ma ya iya faɗa. Amma matar nan ta riƙe hannun rigarsa, tana dubansa kamar yadda ake duban mutumin kirki, kuma a ranar ita kaɗai ta rage mai yi masa irin wannan kallo. Kunya ta kama shi, kunyar kuma ita ta hana shi faɗin gaskiya.

"Akan sami haka wani lokaci, uwargida," in ji shi.

Ta gyaɗa kai, ta share ido. "To ba zan ƙara zuwa ba sai ya yi ƙarfi. Ka ce masa ina gaishe shi. Kada ka ce masa don me, sai ya damu."

Aka koma gwaji na gaskiya. Ejvind yakan zauna a kan hannuwansa, Verner yana ƙyasta harshe, shi yana kallon agogo hawaye na zuba. Daƙiƙa talatin, arba'in, har aka kai minti ɗaya da rabi, na Verner na kansa. Sannu a hankali tsiyar ta dawo. "Ashe kai ɓarawo ne, ɗan boko," in ji shi wata safiya, "amma ni na sa ka sata. Mun yi canjaras." Wannan yafiyar ta fi zagi ciwo.

Lahadi ta zo, Verner ya ce a juya masa kai wajen gilashi. Matan wasu suka zo suka tafi. "Ina Dagny?" Ejvind ya ce tana gaishe shi, mura ce ta kama ta. Lahadi ta biyu ya ce murar ba ta sake ta ba. Verner ya daɗe yana kallon gilashin, sannan leɓensa suka ce, "Ta ga abin da na zama. Ban ga laifinta ba."

A ranar Ejvind ya rubuta wa Dagny wasiƙa, ya faɗi komai. Ya sa ta a aljihu. Ya wuce akwatin gidan waya da safe, ya wuce shi da yamma, kullum yana cewa bari ya gyara wata jimla tukuna. Tana aljihunsa Lahadi ta uku ta wuce. Ran Talata zazzaɓi ya rufe Verner, ciwon huhu ya shige shi, irin wanda ya kwashe da yawa a ɗakin nan. Ran Alhamis da hantsi ya cika, jakar tana hannun Ejvind. Sai da ma'aikaciyar jinya ta ɓamɓare yatsunsa daga kanta.

Washegari Dagny ta zo karɓar kayansa, agogo da reza da zoben aure a cikin ambulan. Ta nemi a kira mata Ejvind. Ya fito baranda, wasiƙar tana aljihunsa na hagu, yana jin kaifin takardar a ƙirjinsa.

Ta kama hannunsa da hannuwanta biyu. "Wata huɗu wannan hannu yana yi wa mijina numfashi. Ba ni da abin da zan saka maka." Ta ci gaba, "Ka san abin da nake riƙewa in ji sanyi? Ban ƙara cutar da shi ba. Kullum Lahadi sai na sa kwat na zo har bakin ƙofar can, in tsaya, in koma gida. Wuya kam na sha. Amma na kyauta da ban shigo ba, ko, Likita?"

Ejvind ya dubi matar. Yanzu in ya faɗi gaskiya, Lahadi ukun nan zai ɗora mata a kai, ta san a banza ta tsaya a waje mijinta yana neman ta a gilashi. In ya yi shiru, ta tafi da laifin da ba nata ba har kabari. Da bakinsa ya gina wannan rami, ba kuma ta inda zai fita da sauran mutunci.

"Kin kyauta, uwargida," in ji shi.

Ta yi masa godiya, ta sa ambulan a jaka, ta sauka matakala a hankali tana riƙe da ƙarfen gefe.