Gudun Yaya Zulai a Gonar Awali

Wata Alhamis bayan la'asar, a kakar dabinon shekarar da na cika tara, akuyarmu ta tsinke igiya ta nufi tabarmin da aka shanya dabino. Yayata Zulai ta yar da bokitin hannunta ta bi ta tsakanin bishiyoyi, ƙafa ba takalmi, ta cafke ta tun ba ta sa baki ba. A gindin katanga akwai wata farar tsohuwa zaune, tana jiran Baba ya auna mata dabinon ajwa. Sai ta buga sandarta a ƙasa, ta ce da karyayyen Larabcinta, "Yarinya, sake yi in gani."

A unguwar Awali muke zaune, a ƙasar Larabawa, cikin gonar wani Balarabe da iƙamar Baba, wato takardarsa ta zaman ƙasa, take hannunsa. Tsohuwar kuwa 'yar Italiya ce, ta musulunta ta auri wani ɗan kasuwa, ya rasu ya bar ta a unguwar Ƙurban. Hajiya Talyaniya muke ce mata. Daga ranar kowace Alhamis sai direbanta ya kawo ta. Muna tsince ruɓaɓɓen dabino tana ba mu labarin yadda ta yi tseren mita ɗari a garinsu, zamanin da maza ke cika fili don kawai su yi wa mata ihu. Ta ce ta ci kofuna har aka sa sunanta cikin masu fita gasa ƙasashen waje, sai yaƙi ya ɓarke, kafin ya ƙare ƙafafunta sun huce.

Ita ta koya wa Zulai haƙa ramuka biyu a bakin magudanar ruwa, ta kafa yatsun ƙafa ciki, ta durƙusa, ta jira bugun sanda. "Kada ki waiwaya," ita ce maganarta kullum. Ni aikina in tsaya can ƙarshen layin dabino riƙe da gyale. Sau ɗaya na roƙa aka bar ni na gwada. Na tashi na faɗi kan gwiwa, Hajiya ta yi dariya ta ce in koma wurin gyalena. Na koma, amma abin ya tsaya mini a rai.

Saboda haka ranar da wakilin gonar ya tsare ni yana tambayar wa ke tona masa bakin ruwa, ban tsaya ga ramukan ba. Na ce Zulai ce, kuma har gwiwa take tattare riga, direban ma yana kallo. Direban nan bai taɓa fitowa daga mota ba.

A gaban sauran leburori wakili ya yi wa Baba magana, ya ce ko ya tsawata wa 'yarsa ko zancen ya kai kunnen mai gona. Baba bai daki kowa ba. Ya ɗauki fartanya ya cike ramukan, ya tari Hajiya a bakin ƙofa kansa a sunkuye, ya ce daga yau za a riƙa aika mata dabinon gida. Ina leƙe ta bayan tankin ruwa na ga ta daɗe tsaye kafin ta shiga mota. Makon nan Inna ta ɗinka wa Zulai abayarta ta farko. Ta daina shiga wasan ɓuya, ko akuya ta tsinke sai ta ce mini, "Je ki, Rabi." Zulai ta ɗauka wakili da idonsa ya gan ta.

Yau an yanka gonar an yi gidaje. 'Yata tana da takalmin gudu, a makaranta ake koya musu gudun, in na yi mata Hausa ta amsa da Larabci. Zulai tana aure a Damagaram, ciwon suga ya nauyaya mata ƙafafu, ko masallacin Idi sai a mota. Duk Juma'a muna waya, mu yi hirar yara da zafin gari. Har yanzu ban gaya mata ba.