Kututturen Baba Nomau

Ku sababbi da kuka shigo aikin bana, ku daina cewa manoma ba su son ba mu icce don rowa ce. Tsoro ne, kuma mu muka zo da shi cikin mota. Ranar da na gane haka ba ta fita raina ba, a wani ƙauye yamma da Gidan Rumji, shekarata ta farko bayan na bar lakol, wato makaranta.

Shugabarmu a lokacin Madam Zalika ce. A ƙasar waje ta yi karatu, cikin dazuzzukan wata bishiya mai ganye kamar allura, kuma kullum akwai yanki guda na gindinta bisa teburinta a buro, wato ofishinmu. Da shi ta koya mana aikin. Kowace shekara icce yana ƙara zobe ɗaya a cikinsa. In ya sha ruwa zoben ya yi faɗi, in fari ne ya tsuke. A nata yankin makaho ma ya ƙirga. Namu itatuwan sai an goge, an goge, an sa gilashi. Doka ɗaya ta dinga maimaita mana: daga ɓawo ake fara ƙirga zuwa ciki, don zoben da ke jikin ɓawo shi ne shekarar da iccen ya faɗi. In ɓawo ya tafi, ba ki san inda za ki fara ba.

Muka ji labarin wata tsohuwar kirya da iskar farkon damina ta kayar a gonar wani dattijo, Baba Nomau. Masassaƙa sun riga sun yi turame da gangar, kututture ya rage. Madam ta ce irinsa take nema tun da ta dawo gida. Muka je da motar ma'aikata, direba cikin kaki irin na jami'an gandun daji. Na auna kututturen, na sa masa jan fenti, na ce gobe za mu dawo da zarto. Tsohon ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Da safe tun daga hanya na hango hayaƙi. Ya tara kara kewaye da kututturen ya cinna wuta, yana tsaye riƙe da sanda. Na diro kafin mota ta tsaya, na cire kallabi ina bugun wutar, ina watsa ƙasa da ƙafa.

"Baba, me ka yi haka? Ka san abin da kake ƙonawa?"

"Iccena na, cikin gonata. Ke ɗiyar wa ce da za ki zo ki shafa mashi ja?"

"Shaida ce kawai na sa!"

"Shaida hwa! Ai na sani. Ku ƙirga ku ce ni na sare shi ɗanye, ku kai ni Maraɗi."

Na buɗe baki zan mayar, Madam ta riƙe mini hannu. Ta sa direba ya janye motar bayan gari. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi gero, kamar ba wuta ke ci gabanta ba. Ni kuwa kamar in fashe. Sai da ya sauke sandar ta ce, "Baba, ruwan da aka yi zamanin mahaifinka muka zo tambayar iccen nan. Ba mu zo da takardar tara ba."

Ya dube ta, ya dube ni. "Wagga mai bakin hwa?"

"Ita ma."

Shi da kansa ya ɗebo ƙasa da hauya muka kashe sauran. Wuta ta cinye ɓawon kusan ko'ina. Gefen gabas kaɗai, inda iska ta tara rairayi, muka tone muka tarar da ɗan wuri kamar tafin hannu bai ƙone ba. Ta nan muka sa zarto.

Bayan mun goge yankin na mayar masa ya gani. Na nuna masa inda zobba suka matsu har suka kusa haɗewa. Ya daɗe yana bin wurin da farce. Ya ce nan ne shekarun yunwa da aka ci ganye, aka sayar da shanu. Madam ta ce mai yiwuwa, amma icce ɗaya ba ya shaida shi kaɗai, sai an gwada da wasu da yawa. Ya ce, "Ni dai na shaida. Ashe shi ma ya ji yunwar, bai hwaɗa ma kowa ba."

Baba Nomau ya rasu, an yi wa Madam canji zuwa Yamai, yankin yana nan rabinsa baƙi. Har yau ina kewar zaman da muka riƙa yi daga baya ƙarƙashin rumfarsa, yana tsokanata ina ramawa.

Daga ranar na daina shiga gari da motar ma'aikata. Kabu-kabu nake hawa ranar kasuwa, in zauna wurin masassaƙa, in roƙe su duk wanda zai fafe turmi ya fara yanke mini bakin gindin da ɓawonsa. Kasuwar garin Gazawa ce kawai ban taɓa zuwa ba, kuma can zan nufa da an gama girbi.